Amsa kan dusashewar ganin Baba: kada a tsaya a kan tabarau

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ka ce shekarunsa 62, yana da ciwon suga, tun bara yake gani dishi-dishi, an canza masa tabarau har sau biyu babu sauƙi, kana so ka san abin da ke kawo haka da irin gwajin da ya kamata a yi masa. Na daɗe ina aikin jinya a sashen ido, irin wannan labari kuwa da wuya a yi mako bai shigo mana ba, don haka ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Dishi-dishin gani alama ce, ba ita ce cutar ba. Kafin mutum ya ga abu, haske yana ratsa tantanin gaban ido mai garau, ya bi ta ƙwayar ido, ya wuce ta madubin da ke cikin ido, ya sauka a kan tantanin da ke shimfiɗe a can baya wanda ake kira retina. Daga nan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ko'ina aka samu matsala a wannan hanya, abu ɗaya majinyaci zai ce maka: ba na gani sosai. Shi kuwa tabarau aiki ɗaya yake yi, yana gyara yadda haske ke haɗuwa a kan retina. Idan ɓarnar tana baya, canza tabarau tamkar goge gilashin fitila ne alhali lagwani ne ya ƙone. Tunda an canza sau biyu ba a dace ba, lokaci ya yi da za a daina neman tabarau na uku, a nemi inda matsalar take.

Gwajin farko shi ne allon nan mai haruffa manya a sama, ƙanana a ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya fito da shi a 1862, har yau ana amfani da shi. Ana tsayar da mutum nisan mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Idan ka ga an rubuta 6/6, gani ne cikakke. Idan an rubuta 6/18, abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 18, shi sai ya matso mita 6. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda idonsa mafi kyau bai kai 6/18 ba yana da matsakaicin raunin gani, wanda bai kai 6/60 ba rauninsa mai tsanani ne, wanda kuma bai kai 3/60 ba ana lissafa shi cikin masu makanta. Wanda bai iya karatu ba akwai allonsa, mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, da hannu zai nuna.

Bayan allon akwai wani ɗan gwaji da nake ganin darajarsa ƙwarai, ga shi ba ya ɗaukar minti biyu. Ana ba majinyaci wani baƙin faifai mai ɗan ƙaramin rami ya leƙa allon ta ciki. Idan layukan da suka gagare shi suka fito fes, galibi matsalar ta tabarau ce. Idan babu abin da ya canza, ko ma ya ƙara lalacewa, hankalinmu sai ya koma kan madubin ciki, ko retina, ko jijiya. Ka tambayi Baba ko an taɓa sa shi ya leƙa ta wannan rami.

A dattijo mai ciwon suga, abubuwa huɗu ne ke fara zuwa min a rai, kuma ba abin mamaki ba ne a samu biyu ko uku a ido ɗaya.

Na farko sugan kansa. Idan yana hawa yana sauka, madubin cikin ido yakan sha ruwa ya kumbura, ƙarfinsa ya canza. Sai a auna wa mutum tabarau ranar da suga ya yi sama, bayan mako biyu suga ya sauka, tabaran ya zama ba nasa ba. Shi ya sa muke cewa a bari suga ya daidaita na wasu makonni kafin a auna. Idan Baba yana cewa yau yana gani gobe ba ya gani, wannan na iya kasancewa ciki, kuma gwajin jinin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, zai taimaka.

Na biyu yanar ido, wato madubin ciki ya yi gajimare. Tana zuwa sannu a hankali, babu zafi. Mai ita yakan ce kamar hazo ne a gabansa, fitilun mota na kashe masa ido da dare, launuka sun koɗe. Wasu ma sukan yi murna cewa sun koma karatu babu tabarau, alhali yanar ce ta canza ƙarfin madubin. Masu suga tana kama su da wuri. Ita ce mai sauƙi a cikin huɗun, domin tiyata ce gajeriya, a kashe zafin wurin, a cire madubin da ya lalace a sa na roba, yawanci mutum ya koma gida a ranar. Ba a jira sai ta yi fari fat kamar yadda wasu ke cewa. Da zarar ta hana mutum harkokinsa ana iya yi. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita, duk wanda ya ce maka akwai kada ka saurare shi.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna game da Baba, ɓarnar da suga ke yi wa retina. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita suna raunana, su fara yoyon ruwa da jini, wasu su toshe. Idan ruwan ya taru a tsakiyar retina, wurin da ake kira makula, wanda da shi muke karatu da gane fuska, sai tsakiyar gani ta dusashe, layi miƙaƙƙe ya zama a karkace. Idan toshewar ta yi yawa, ido yakan tsiro da sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari, waɗanda ke iya fashewa dare ɗaya su cika ido da jini, ko su yi tabo su janye retina daga mazauninta. Abin da ke ba ni tausayi shi ne cutar kan yi nisa mutum yana karanta 6/6, babu zafi, babu ja, ido garau idan ka kalle shi. Na sha ganin wanda ya zo neman tabaran karatu kawai, da aka leƙa bayan idon aka tarar da ɗigon jini ko'ina. Saboda haka ƙa'ida ita ce mai suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, a duba masa bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya cikin shekara 5, daga nan kuma kowace shekara, ko yana gani ko ba ya gani. Akwai magani: allurar da ake yi a cikin ido don rage kumburi, da hasken leza, da tiyata idan ta kama. Amma duk sun fi aiki idan an zo da wuri, kuma ba sa tsayawa su kaɗai sai an riƙe suga da hawan jini da kitsen jini.

Na huɗu gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ko da yake ruwan cikin ido ne ke matsa wa jijiyar gani, ba jini ba. Tana fara cin gani daga gefe, tsakiya na nan lafiya, ɗaya idon kuma yana cike giɓin ɗan'uwansa, shi ya sa mutum ba ya lura. Iyali ne ke fara cewa yana yawan karo da ƙofa ko tuntuɓe. Matsin ido na yau da kullum tsakanin 10 ne da 21, amma kada lamba ɗaya ta kwantar muku da hankali: akwai masu gilakoma da matsinsu bai taɓa wuce 21 ba, akwai kuma masu 24 da jijiyarsu lafiya lau. Dole a haɗa da duba kan jijiyar da gwajin faɗin gani. Abin da ta cinye ba ya dawowa, magani tsare saura yake yi. Tana bin dangi, kuma ta fi yawa, ta fi zuwa da wuri, ga baƙar fata. Idan aka same ta a Baba, kai da 'yan'uwanka ku je a duba ku, musamman wanda ya kai 40.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan yawa ba amma ba a mantawa da su. Tsufa kan lalata makula ko babu suga. Shanyewar ɓarin jiki kan ɗauke rabin gani a ido biyu, dama ko hagu, alhali idanun lafiyarsu ƙalau. Ƙari a wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa kan danne jijiyoyin gani ya ɗauke gefen waje na kowane ido. Sai magunguna: etambutol na tarin fuka yana iya taɓa jijiya, haidroksikulorokwin da ake ba masu ciwon gaɓoɓi idan an daɗe ana sha yana iya taɓa retina. Wanda na fi gani kuwa shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid da mutum ke saya da kansa saboda ƙaiƙayi ko jan ido. Yana sanyaya ido nan take, shi ya sa ake manne masa wata da watanni, yana ɗaga matsin ido yana kawo yanar ido a ɓoye. Ka tattara duk abin da Baba ke sha ko ɗigawa, da kwalayensu, ku tafi da su.

To yaya cikakken gwaji yake? Yana farawa da tambayoyi, kuma amsarku rabin aikin ce. Yaushe ya fara, farat ɗaya ko a hankali, ido ɗaya ko biyu, nesa ko kusa, tsakiya ko gefe, da zafi ko babu, shekara nawa da suga, akwai mai makanta a dangi? Tun a gida ka sa Baba ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kalli gefen ƙofa ko layin rubutu, sannan ya canza. Mutane da yawa a gabanmu suke fara gane cewa ido ɗaya ya daɗe da tafiya.

Bayan allo da ramin leƙe, za a haska ƙwayar ido da tocila ana kai-komo tsakanin idanun biyu. Idan ɗaya ta buɗe maimakon ta tsuke, alama ce jijiyar wannan ido ko retinarsa ta samu babbar matsala. Sai a ɗora haɓa a kan na'urar nan mai siririn haske a duba gaban ido da madubi. Sai awon matsi, ko da iskar da ake hurawa, ko da na'urar da ke ɗan taɓa ido bayan an ɗiga maganin kashe zafi. Sannan babban mataki, wanda idan ba a yi shi ba ni a wurina ba a duba idon mai suga ba: a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, a jira minti 20 zuwa 30, a leƙa retina da jijiya sosai. Bayan haka zai ga dishi-dishi, haske ya dame shi na awa 4 zuwa 6, don haka kada ya yi tuƙi, a raka shi, a riƙe masa baƙin tabarau. Daga abin da aka gani likita zai iya neman hoton OCT, wanda ke nuna kaurin retina daki-daki da ko akwai ruwa a makula, ko gwajin faɗin gani, inda mutum ke kallon tsakiya yana danna maɓalli duk lokacin da ɗan haske ya ƙyalla a gefe. Wannan na ƙarshe yana gajiyar da dattawa, sau da yawa sai an maimaita kafin a yarda da sakamakon, kada ku ɗauka wasa ake yi da ku. Idan kuma an ce yanar ido ce za a yi tiyata, ku tambaya ko an duba retina, domin idan akwai ɓarna a baya, cire yanar kaɗai ba zai dawo da ganin da kuke sa rai ba, gara ku sani tun kafin a shiga.

Duk wannan na mai zuwa a hankali ne, wanda za a iya sa masa rana cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai wanda ba a kwana da shi. Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko da ya dawo bayan 'yan mintoci, domin yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo, ko wani abu kamar labule yana rufowa daga gefe. Ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, da ciwon kai da amai, ana ganin zobe kewaye da fitila. Ganin abu biyu-biyu kwatsam. Ko sabon ciwon kai a gefen goshi ga wanda ya haura 50, tare da ciwon muƙamuƙi idan yana tauna. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Wurin da za ku nema shi ne inda akwai likitan ido ko ƙwararren mai awon gani da ke ɗiga maganin buɗe ido, ba inda ake gwada gilashi kawai a sayar ba. Ku tafi da tsofaffin tabaran duka biyu da takardun awon suga. Kafin ku fito ka roƙa a rubuta maka abin da kowane ido ya karanta a allo, da matsin kowane ido, da abin da aka gani a retina da jijiya, da ranar dawowa. Idan kun samu waɗannan ka kawo su nan, in Allah ya yarda zan yi maka bayanin ma'anar kowace lamba. A gaida Baba da jiki.