Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙera Ƙaramin Samfurin Motar Tururi ta Cugnot

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina harhaɗa ƙananan motocin da ake sayarwa a kwali da sassansu a yanke, amma yanzu na ƙosa da aikin da wani ya riga ya yi mini rabinsa. Na ga hoton wata tsohuwar motar tururi mai ƙafa uku, da tukunya rataye a gabanta, ina so in ƙera ƙaramin samfurinta da hannuna tun daga tushe. Ta ina zan fara, kuma zai yiwu in sa ta yi tafiya da tururi na gaske?
Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa kwatancen da ka yi, abin da ka gani shi ne amalanken tururi na Nicolas-Joseph Cugnot, injiniyan sojan Faransa, wanda ya gwada ƙaraminsa a shekarar 1769, sannan ya ƙera babban a 1770 domin ɗaukar kayan igwa masu nauyi a maimakon dawakai. Babban yana nan har yau a gidan tarihin Arts et Métiers da ke birnin Faris, inda aka ajiye shi tun 1800. Wannan babbar sa'a ce gare ka, domin motar tururin da injiniya Richard Trevithick ya hau tudu da ita a garin Camborne na Ingila a ƙarshen 1801 ta ƙone bayan 'yan kwanaki kaɗan, kuma duk mai son kwaikwayonta sai ya haɗa da hasashe. Taka kuwa akwai ta, an ɗauke ta hoto ta kowace fuska.

Kafin ka taɓa zarto, ka tsayar da ma'auni. Tsawon amalanken ya ɗara mita 7 kaɗan, faɗinsa kuma ya ɗara mita 2. Idan ka rage kowane awo sau 24, samfurinka zai kai kimanin santimita 30 a tsayi da santimita 9 a faɗi, idan kuma sau 12 ka rage, zai kai santimita 60. Ni dai na fi karkata ga na biyun ga wanda bai taɓa ƙera abu daga tushe ba, saboda sassan injin za su yi girman da yatsa zai iya riƙewa, kuma kuskuren rabin milimita ba zai tona maka asiri ba. Daga nan sai ka zana motar a takarda da ainihin girman da za ka ƙera ta, ta gefe, ta sama da ta gaba. Ka yi hattara da hotuna, domin kyamara tana kumbura abin da ke kusa da ita, ta ƙanƙantar da na nesa. Hoton da aka ɗauka daga gefe sak shi kaɗai ake aunawa, sauran na fahimtar yadda sassa suka haɗu ne.

Gangar jikin ba za ta wahalar da kai ba, tun da manyan katakai ne biyu a miƙe da wasu a gicciye. Abin lura kawai shi ne ka zaɓi katako mai laushin ƙwaya, domin mai manyan jijiyoyi yakan sa ƙaramin abu ya fito kamar kayan wasan yara.

Ƙafafun su ne inda haƙurinka zai sha gwaji, shi ya sa nake ba ka shawarar ka fara da su tun ƙwazonka yana da zafi. Ka zana da'irar ƙafar a kan wani allo, ka raba ta daidai da yawan sandunan da ka ƙirga a hoto, ka kafa ƙusa a tsakiya ka zura cibiyar, sannan ka jera sandunan ɗaya bayan ɗaya a kan layukan, kana riƙe su da allurai har gam ya bushe. Bakin ƙafar kada ka yanko shi zobe guda. Maƙeran wancan zamani gunduwa-gunduwa suke sassaƙa shi, su harhaɗa, su ɗaure da zoben ƙarfe, kuma waɗannan mahaɗai suna cikin abin da ido yake kamawa ko da mai kallo bai san dalilin da ya sa abin ya yi masa kama da na gaske ba. Ƙafafun baya biyu a kan allo guda za ka yi su, don kada ɗaya ta fi ɗaya. Ta gaban dabam take, ta fi kauri, kuma zoben ƙarfenta yana da tsage-tsage domin ta kama ƙasa, kasancewar ita kaɗai ce ke jan motar.

A kan wannan ƙafa ta gaba Cugnot ya ɗora komai: tukunyar jan ƙarfe da murhunta, silinda biyu a tsaye, da fistin biyu masu sauka bi da bi. Kowane fistin idan ya sauka, yakan ja wani harshen ƙarfe ya tura faifai mai haƙora da ke manne da ƙafar, sai ta ɗan juya, kafin ɗayan ya karɓa. Ka yanko waɗannan faifai daga tagulla, ka fitar da haƙoran da ƙaramin magagari, kuma idan ka sa su suna motsi da hannu, to ka nuna wa mai kallo ainihin hikimar motar. Ita tukunyar za ka iya sassaƙa ta da katako ka shafa mata fenti, amma ta fi kyau idan ka ƙona fallen jan ƙarfe har ya yi ja, ka bar shi ya huce, ka bubbuga shi a kan katakon da ka ba siffarta. Duk lokacin da ya yi tauri, sai ka sake ƙona shi.

A nan ne nake so ka riƙe hannunka. Da zarar ka rataya tukunyar, za ka ga motar ta rinjaya gaba, ta yi maka muni, zuciyarka kuma za ta raya maka ka ja tukunyar baya ko ka rage mata girma. Kada ka gyara wa Cugnot kuskurensa. Wannan nauyi da ke lilo a gaban ƙafa, wanda dole direba ya karkata shi gaba ɗaya a duk lokacin da zai sha kwana, yana cikin dalilan da suka sa motar ta yi wuyar sarrafawa. Gudunta bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, kuma bayan kimanin minti 15 sai ta tsaya a sake tara tururi. Idan kana tsoron samfurin ya kifa, ka ɓoye ɗan nauyi a ƙarƙashin katakan baya.

Game da tururi na gaske kuwa, abu ne mai yiwuwa, kuma tun wajen 1784 injiniya William Murdoch ya ƙera ƙaramar motar tururi mai ƙafa uku da ke gudu da wutar fitila a garin Redruth na Ingila. Sai dai ban yarda ka fara da shi ba. Ruwa idan ya zama tururi yakan nemi wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600, kuma dalmar da ake liƙa wayoyin lantarki da ita tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, wanda tukunyar da ruwanta ya ƙare takan wuce cikin ƙanƙanin lokaci. Ƙarewar ruwa a kan wuta ita ce ma ta ci motar Trevithick. Tukunya mai aiki sai da jan ƙarfe mai kauri, da liƙin azurfa, da bawul mai sakin tururi idan ya yi yawa, sannan a gwada ta da matsin ruwan sanyi ninki biyu na wanda za ta yi aiki da shi, a gaban wanda ya san aikin. Idan motsi kake sha'awa, ka bar tukunyar fanko, ka ɓoye siririn bututu a cikinta, ka tura iska daga ƙaramin famfo zuwa silindojin, fistin za su sauka su tashi kamar yadda tururi zai sa su.