Ga mai tambaya kan bikin marubutan nan: waƙar baka da hira da marubuci

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai ƙura ta lafa. Kin ce ƙawarki da ke karatu a waje ta turo miki sanarwar wani biki da ake yi don karrama marubuta masu son jinsinsu, an ce za a yi waƙar baka da hira da marubuta. Kina son sanin me ake yi a ciki, kuma ko akwai abin da ƙungiyarku ta ɗalibai za ta ɗauka daga tsarin. Masu a'uzubillahi sun yi nasu, masu cewa a fitar da ke daga zauren ma sun yi nasu. Ni ba malami ba ne, hukunci yana wurin masu shi. Abin da na sani riƙe mikro ne, na fi shekara goma ina gabatar da masu waƙa a nan Damagaram, to a kan wannan zan yi magana.

Irin wannan biki ba yau aka fara ba. Akwai wanda ake yi a New Orleans ta Amurka tun 2003, sunansa Saints and Sinners, wato waliyyai da masu zunubi. Akwai kyautar Lambda da ake bayarwa ga irin waɗannan littattafai a Amurka tun 1989. Ban taɓa zuwa ko ɗaya ba, bidiyon irinsu na kalla a intanet, kuma in kin toshe kunne daga abin da ake faɗa, tsarin bai bambanta da na kowane taron littafi ba. Mutum ya tashi ya karanta abin da ya rubuta, a tafa masa. Daga baya a ajiye kujera biyu, marubuci a ɗaya, mai tambaya a ɗaya, a yi kamar minti arba'in, a ba jama'a dama, a sayar da littafi a bakin ƙofa. Shi ke nan.

Waƙar bakan ita ce abin da yaranmu ke kira silam. Wani magini mai suna Marc Smith ne ya mai da ita gasa a Shikago a shekarun 1980: minti uku, ba kiɗa, ba kayan wasa, kai da muryarka. Ta Faransa ta biyo ta iso mana, shi ya sa har yau yawancin masu yin ta a Nijar da Faransanci suke farawa. Ni dai dariya nake yi idan aka ce baƙuwa ce. Wanda ya taɓa jin makaho yana rera Imfirajin Aliyu Namangi a bakin masallaci, ko ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya ji maroƙa, ya san Bahaushe bai jira Shikago ba.

Amma ga inda nake so ki tsaya. Takarda tana rufa wa marubuci asiri, murya ba ta yi. Idan ka rubuta "ni" a littafi, mai karatu ya san ɗan wasa ne ke magana. Idan ka tsaya gaban mutum sittin ka ce "ni" da bakinka, da fuskarka, da hular da aka san ka da ita a unguwa, to kai ne, ko ka rantse da Alkur'ani. Shi ya sa marubutan can suka ware wa kansu biki, suna neman ɗakin da za su karanta ba tare da an mai da hirar tuhuma ba. Binyavanga Wainaina na Kenya ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2002, duniya ta san shi, amma sai a Janairun 2014 ya rubuta da hannunsa ya faɗi ko shi wane ne, a watan da aka sa hannu kan dokar ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi a Najeriya. Shi ya zaɓi ranar, ba wani mai mikro ne ya ƙwaƙulo ta daga bakinsa ba.

Ni kuwa na taɓa zama wannan mai mikro, kuma har yau abin yana cina.

Wani dare ne na sanyi, a farfajiyar wata makaranta cikin Zango. Mun shimfiɗa tabarmi, an ɗora shayi, mikro ɗaya ne kuma yana ƙara in ka matso da shi. Wani yaro, ba zai wuce shekara ashirin ba, ya tashi da littafin lakwal mai bangon shuɗi ya karanta waƙa a kan wani ɗan daudu mai sayar da tuwo a tasha. Bai yabe shi ba, bai zage shi ba. Ya faɗi yadda yake ɗaura zani a ƙirji, yadda yake kankare ƙanzo ya zuba wa almajirai miya a kai, yadda direbobin da ke masa ba'a da rana su ne ke cin bashinsa da dare. Ya ƙare da ranar da ya mutu, aka tsaya ana kallon-kallo a kan wa zai shiga gaba. Wurin ya yi tsit, har mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Wallahi ban taɓa jin waƙa mai kyaunta a wurinmu ba.

Sai na ɓata ta. Na karɓi mikro, ina son in sassauta wurin, na ce da dariya, "Kai, a ina ka san shi haka?" Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ko ɗan ɗakinsa ne?" Aka fashe da dariya. Yaron ya yi murmushin dole ya zauna. Kwana biyu bayan nan guntun bidiyon yana yawo a WhatsApp. An yanke waƙar, an bar tambayata da dariyar. Ya kai ga mahaifinsa.

Sai bayan wata da watanni ya gaya mini gaskiyar abin. Lokacin yana ƙarami mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, mutumin nan ne yake cika masa kwano ya ce ya kai gida, bai taɓa karɓar ko dala ba. Ladan tuwo yaron ya zo biya, ni na tsaya masa a hanya. Kuma ko da amsar wata ce daban, ba ni da hurumin tambayarsa a gaban jama'a.

To abin da za ku ɗauka daga tsarin nasu bai wuce wannan ba, kuma ba ya buƙatar ku yarda da rayuwar kowa. Mai hira ya karanta littafin tukuna, duka, ba bangon baya ba. Ya tambayi rubutun: me ya sa ka fara daga nan, me ya sa wannan ta yi shiru a babi na uku. Da za a ba ni Chinelo Okparanta, wadda ta rubuta Under the Udala Trees a 2015, ba zan tambaye ta da wa take zaune ba. Zan tambaye ta me ya sa a tsakiyar yaƙin Biyafara ta sa yarinyar da Ijeoma, tauraruwar littafin, ta so ta zama Bahaushiya mai suna Amina. Wannan tambayar tana da nama. Ku zauna da marubucin kafin taro ku ji abin da ba ya so a taɓo. Tambayoyin jama'a kuma a rubuto su a takarda, mai gabatarwa ya tace, don a Damagaram akwai wanda in ya samu mikro huɗuba zai yi miki ta minti goma, sannan ya ce "ba tambaya gare ni ba, ƙarin haske ne". Maganar waya kuwa a faɗe ta tun kafin bismilla: ba a ɗaukar kowa sai ya yarda.

Yaron yanzu gyaran salula yake yi wajen Kasuwar Dole. In na bi ta nan ran Alhamis muna gaisawa, yakan ce Baba zauna a kawo ruwa. Sau biyu na tambaye shi littafin nan mai bangon shuɗi, ya ce bai san inda ya shiga ba. Ban ƙara tambaya ba.