Tambaya da Amsa: Kamun Kifin Sifedfish a Gaɓar Tekun Atlantika

Tambaya: Ina zaune a jihar Bajiniya ta Amurka. Idan muka fita teku da bazara, sai in ga garken wani faffaɗan kifi mai ratsin baƙi, sifedfish, yana zagaya jirginmu, amma ko kallon ƙugiyata ba ya yi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, fara duba bakinsa. Kifi ne mai faɗi kamar faifai, yakan kai kilo 2 zuwa 4, amma bakinsa ɗan mitsitsi ne, tsakurar abinci yake yi. Babbar ƙugiya ba za ta shiga ba. Nemi ƙarama mai lamba 1 zuwa 4, amma mai kauri, domin siririya miƙewa take yi idan ya ja.

Sai abinci. Ba ya bin ƙananan kifaye. Abin da ya saba ci shi ne halittu masu taushi, musamman jelifish, wata halittar teku mai santsi da siffar lema. A yankin Chesapeake, mashigin tekun da ke Bajiniya da Maryland, an fi amfani da naman ƙumbar teku, a yanka shi kamar girman farcen babban yatsa, a lulluɓe ƙugiyar kaf. A jihohin Karolina da ke kudu da Bajiniya kuwa, da akwai wani jelifish mai tauri, dunƙulalle kamar ƙwallo. Masunta kan jera uku ko huɗu a waya su zura ƙarƙashin jirgi. Idan garken ya taru yana tsakura, sai a riƙa jan wayar sama a hankali har kifin ya taso inda ido ke ganinsa, sannan a jefa masa ƙugiya da ɗan yankin jelifish ɗin. Abin sha'awa ne ka ga jikinsu na walƙiya kamar azurfa a gefen jirgi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne nauyin darmar da ake ɗaura wa zare don ƙugiya ta nutse. Ka saki anga a saman inda ruwa ke gangarowa, ka riƙa watsa niƙaƙƙen naman ƙumba kaɗan-kaɗan, kada ka ƙosar da su. Abincin da ke ƙugiyarka dole ya nutse daidai da saurin wanda ka watsa. Idan ya riga su nutsewa, ko ya tsaya cak su suna tafiya, kifin zai gane ya kauce. Ƙwayar darma ɗaya ƙarama ta isa, idan ruwa a kwance yake ma a cire ta. A ƙarshen zaren kuma ka ɗaura kamar mita ɗaya na zaren da ba ya nunawa a ruwa, mai ɗaukar nauyin kilo 7 zuwa 9.

Tambaya: Sau uku yana kama ƙugiya, sau uku yana tsinka mini zare. Ko zaren ne ba shi da ƙarfi?

Amsa: Da wuya. Wannan kifi mazauninsa kusa da ƙafafun gada ne, da jiragen da suka nutse, da hasumiyoyin cikin teku, kuma duk suna cike da ɓawo mai kaifi. Da ya ji ƙugiya sai ya juya faɗin jikinsa ya tokare ruwa, ya nufi can ya goga zaren. Ka tsaya nesa kaɗan da ginin, ka bar abincin da kake watsawa ya janyo su waje. Ka ɗan matse birkin na'urar naɗe zare, ka juyo kansa tun daƙiƙun farko. Bayan kowane kifi, shafa zaren da yatsa. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Tambaya: Na feɗe ɗaya na tarar da dunƙulallen ƙashi kamar ƙari. Ciwo ne?

Amsa: Ba ciwo ba ne. Manyansu kan yi irin wannan kumburin ƙashi, kuma bai hana cin naman ba. A zubar da jininsa da zarar an kama, a binne shi cikin ƙanƙara, a bi da wuƙa ta gefen ƙashin. A kuma duba dokar jiha kafin fita, domin akwai iyakar adadin da aka yarda mutum ya ɗauka.