Hukuncin Musulmi ya bari 'yan Mormon su ɗora masa hannu a ka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a jihar Utah ta Amurka, ina zaune a gidan wasu 'yan cocin Mormon, mutanen kirki. Ɗansu zai tafi wa'azin cocinsu, za a ɗora masa hannu a ka a keɓe shi ga aikin, sun gayyace ni. Maigidan kuma ya ce zai sa mini albarka irin wannan kafin jarrabawa. Wani ɗan'uwa ya ce addu'a ce kawai. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kyautata wa mutanen da suka riƙe ka da mutunci ba ya buƙatar dogon bayani, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta wadatar.

Hukuncin ya rataya ne a kan abin da ake faɗa yayin da hannun yake bisa kai. A wurinsu mai sa albarkar yakan fara da kiran cikakken sunan mutum, ya bayyana cewa yana yi ne da ikon firistancin Malkisadik (wato babban matsayin limanci a cocinsu), ya rufe da sunan Yesu Almasihu. Wannan iko kuma suna jingina shi ga Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830 yana da'awar annabta, har yau kuma shugaban cocinsu da ke Salt Lake City annabi suke kiransa. Wanda ya sunkuyar da kai ga wannan ya nuna a aikace ya yarda wani yana riƙe da iko daga sama ta hannun mai da'awar annabta bayan Cikamakin Annabawa (SAW). Bai halatta ba.

Mai cewa addu'a ce kawai yakan kafa hujja da abin da ya zo a Muwaɗɗa, cewa Sayyidina Abubakar ya tarar da wata Bayahudiya tana yi wa Nana A'isha ruƙiya bai hana ba. To, a karanta ƙarshen maganar mana! Cewa ya yi: yi mata da Littafin Allah. Sharaɗi ya gindaya, kuma Imam Shafi'i da ya sauƙaƙa a mas'alar da wannan sharaɗin ya sauƙaƙa. Shi kuwa Imam Malik an rawaito ya karhanta ruƙiyar Ahlul Kitabi don tsoron abin da suka canza. Can ma neman waraka ne da ambaton Allah. Nan kuwa ibada ce mai tsayayyen tsari, da ba wanda yake yin ta sai wanda cocin ya naɗa, ana roƙo da sunan wanda suke kira ɗan Allah. Ina haɗin?

Zaman keɓe yaron ma ka ba da uzuri, domin manufarsa tura shi ya shekara 2 yana kiran mutane zuwa wannan aƙida. Ka yi masa sallama a gida kamar yadda ake yi wa matafiyi, ka roƙa masa shiriya tsakaninka da Ubangijinka.

Kada ka yi wa dattijon gatsali. Ka gode masa, ka ce addininka bai yarje maka ba; mutanen da ba sa shan giya ko kofi don addini za su fahimci wannan. Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicinka. Ka nemi masallaci ka lazimci Juma'a, idan kuma aka turo maka samarin nan masu wa'azi bibbiyu da sunan darasi, kada ka zauna da su alhali ba ka ƙware a tauhidi ba. Jarrabawa kuwa, ka kira mahaifiyarka ta sa maka albarka, ka tashi cikin dare ka roƙa da kanka. Wallahu a'alam.