Amsa kan man giya da ke yoyo a gaban tsohuwar Corolla

Malam, ka ce Corollarka ta 2005 mai giya otomatik tana ɗigar da jan mai a ƙasan lagireto, kuma wani a unguwar Aboabo ta Kumasi ya ce ka naɗe wurin da roba. Kada ka yi. Man nan da ƙarfi famfon giyabos ke tura shi, zafinsa kan kai digiri 80 ko fiye, ba robar da za ta riƙe shi.

Bututu biyu ne ke fita daga giyabos zuwa gindin lagireto, ɗaya na kai mai ya huce, ɗaya na mayar da shi. Wanke su tas, ka busar, ka ta da inji kana haskawa da tocila, domin iska kan kwashe man ta kai shi nesa da inda ya fito.

In noti ne a bakin lagireto, ɗaure shi kaɗan da sifana biyu, ɗaya na riƙe na ciki. Ka matsa da yawa, bakin ya tsage, sai sayen lagireto.

In tiyon roba ne ya bushe ya tsattsage, canja shi gaba ɗaya. A nan ake cutar mutane a Magazin ta Suwame, cibiyar makanikai da kayan mota ta Kumasi: sai a miƙo maka tiyon fetur a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, zafin man giya na dafa shi har ya kumbura ya fashe a hanya. Nemi wanda aka buga wa SAE J1532, lambar tiyon man giya, ka tafi da tsohon a gwada, yawanci faɗin raminsa milimita 8 ne ko 10.

In kuwa ƙarfen ne tsatsa ta huda, sabon bututu ya fi. Idan bai samu ba, a yanke ruɓaɓɓen wurin da abin yankan bututu, ban da zarto, don garin ƙarfe in ya shiga giyabos ya gama da ita. A ɗan buɗa bakin ƙarfen ya yi leɓe, a tura tiyo ya shige kamar santimita 4, a ɗaure da kilif biyu kowane gefe, bayan leɓen. Ba leɓe, tiyo zai suɓuce, man ya ƙare cikin 'yan mintuna. A nisanta shi da salansa da fanka.

Sai mai. Wannan motar Type T-IV take sha, duba jikin sandar awo ka tabbatar. Zuba rabin lita rabin lita, inji na aiki ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Taka birki ka zaga duk giyoyin, ka dawo P, sannan ka auna.

In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ne ya shiga ta cikin lagireto. Kada ka tuƙa ta ko zuwa unguwar Asawase da ke kusa, a jawo ta wurin makanike a canja lagireto da man duka.