Amsar Gwaggo kan maganar ba jinjiri ruwa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ga saƙonki tun daren jiya amma ba wuta, waya ta mutu, sai yau da anka kai ta caji na samu na karanta a tsanake har sau biyu. Allah shi raba lafiya, shi ba ki mai albarka.

Kin ce a wurin awo nas ta gaya muku in kun haihu kada a ba jinjiri komai, ko ruwa, sai nono zalla har wata 6, ita kuma Hajiya uwar mijinki ta ce ba za a kashe mata jika da ƙishi ba cikin zafin Birnin Kebbi, a tatse dakashi a zubar, a ba shi bauri da zamzam kamar yadda anka yi ma ubansa. Kina tambaya wanne ne addini wanne ne al'ada, kuma mu yaya munka yi a zamaninmu. To zauna ki ji, maganar tana da tsawo, don ni duka biyun na gani da idona, na yi na gargajiya da cikina na fari kuma na yi shekara ashirin da wani abu ina aiki a ƙaramin asibiti ina karɓar haihuwa.

Da na je goyon ciki gida Argungu na haifi yayanku, kwana uku cur ba a bari na sa shi a nono ba. Tsofaffi sunka ce dakashi datti ne, ya daɗe kwance a jiki, yana sa yaro zawo. Ungozoma ta zo ta tatsa kaɗan a ludayi ta jefa tururuwa a ciki, wai in ta fito nono na da kyau in ta mutu sai an wanke shi da magani tukuna, ki duba fa, abu mai kauri mai danƙo ina tururuwa za ta iya fita. Cikin kwana ukun nan ruwan ɗumi da nonon akuya ake ɗura mishi da cokali, ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse har zazzaɓi ya rufe ni, ga kunyar ɗan fari, ko kallon yaron ba na yi in da mutane a ɗakin, sai ya yi kuka ya gaji Inna ta ɗauko shi ta dangwara min a cinya tana faɗa sannan in juya baya in ba shi. Allah ya raya shi, ga shi nan da iyalinshi, kuma irin wannan ne Hajiya take dubawa take cewa ai mu haka munka yi kuma sun rayu. Gaskiyarta, sun rayu. Amma ki tambaye ta wata rana cikin raha, nawa ta haifa nawa ke raye, kowace tsohuwa a garin ga tana da wannan lissafin a zuciyarta, ba ta dai faɗi ne.

Ni tara na haifa bakwai ke raye. Ta biyun mace ce, ba ki san ta ba, ko babanki lokacin bai yi aure ba. Watanta uku da 'yan kwanaki bazara ta shigo, kullum da rana sai in ɗebo ruwan randa a moɗa in ɗiga mata don tausayi, ina ganin leɓenta ya bushe. Gudawa ta kama ta, anka ce haƙori ne, yarinya 'yar wata uku wane haƙori, anka jiƙa saƙe-saƙi anka ƙara mata, maɗigarta ta faɗa, idanu sunka zurma, kafin mu samu motar da za ta kai mu asibiti ta daina kama nono. Kwananta ne ya ƙare, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Allah da ya ba ni ita shi ya karɓi abinshi. Amma komai da sababinshi, kuma sai da na shiga karatun aikin lafiya na gane sababin a moɗar nan yake, har yau in na ga ana ɗura ma jinjiri ruwa sai gabana ya faɗi. Ukun ƙarshe kuwa nono zalla na ba su, ana ta surutu ana cewa boko ya ɓata ni, kuma ba wanda ya taɓa kwanciya da gudawa kafin ya fara rarrafe.

Yanzu maganar ƙishi, don ita ce ta fi damun Hajiya kuma ba laifinta ba ne, duk wanda ya san watan Afrilu a Kebbi da zafi ke wuce digiri 40 dole ya ji tausayin ɗan mitsitsin yaro. Abin da ba a gaya ma iyayenmu ba shi ne nonon uwa kanshi kusan duk ruwa ne, kashi 87 zuwa 88 cikin 100. In kika lura wanda ke fara fitowa tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishi, can ƙarshe sai mai maiƙo ya biyo baya shi ke ƙosar da yaro ya sa mishi ƙiba, shi ya sa ake cewa ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan. Ranar zafi za ki ga yana ta neman nono a kai a kai yana sha kaɗan yana saki, ƙishi ne yake kashewa, ki ba shi duk sanda ya nema dare da rana, sau 8 har 12 a kwana ɗaya ba abin mamaki ba ne a farko. Ruwan kuwa ke za ki sha, ki aje gora kusa da ke duk zaman shayarwa ki kurɓa. Tumbin jinjiri ranar da anka haife shi cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ke cika shi, in kin cika da ruwa ina nono zai shiga, yaro ya rage tsotso nono ya rage zuwa, don tsotson ne ke kiran shi, sai a dawo a ce ai ba ki da nono a sawo madarar gwangwani da fida, kuɗi na tafiya ga fida ba ta wankuwa da kyau ga ƙuda, daga nan sai zawo sai tamowa. Na ga wannan hanyar ta ci yara ba adadi. Kuma ruwanmu kin san shi, na rijiya ne ko na 'yan garuwa ko fiya wata da ya kwana a rana, babba ya sha ya wuce lafiya, hanjin jinjiri ba zai iya ba.

Dakashi kuma wallahi in da ana sayar da shi a kemis da sai mai kuɗi. Wannan rawaya-rawayan mai kauri shi ne rigakafin farko na yaro, garkuwar jikinki ce kike zuba mishi, yana shafe hanji ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, yana taimaka mishi ya fitar da baƙin kashin nan na farko wanda dama don shi ake ba da bauri, fitarshi da wuri kuma yana rage shawara. Kaɗan yake zuwa kuma kaɗan ɗin ya isa. Ki roƙi nas tun kina naƙuda ko ki sa wadda ta raka ki ta tuna mata, da an yanke cibiya a kifa miki shi a ƙirji fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya na farko. Ke ma amfaninki ne, tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya da wuri, za ki ji mararki na murɗawa in yana sha, kada ki tsorata aikinta take yi.

Sai abin da kika tambaya na addini. Abin da na sani kuma malamai ke karantarwa, Allah ya ce a suratul Baƙara aya ta 233 uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kin ga tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF su ce wata 6 zalla sannan a ci gaba har shekara 2, mu muna da shekara biyun a Littafi. Kiran salla a kunne a yi, suna ranar bakwai da yanka da aski a yi. Tahniki sunna ce, Manzon Allah SAW ya tauna dabino ya shafa a dasashin Abdullahi ɗan Zubairu da anka kawo mishi shi, to wannan ɗan shafawa ne sau ɗaya, ki tabbata mai yi ya wanke hannu kuma lafiyarshi lau ba mura ba tari, shi ke nan an gama. Ba daidai yake da a zauna kullum ana ɗura ruwa ba. Zubar da dakashi, gwajin tururuwa, bauri, duk al'ada ce, iyayenmu sun yi ne don kare yaro da iyakar abin da sunka sani. Zamzam da rubutu in an kawo ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya ki sha ke, ki shafa mishi a kai, albarkar ba za ta ɓata hanya ba. Zuma kuwa kada ki yarda ko ɗigo sai ya shekara, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jinjiri. Abin da ya halatta ya shiga bakinshi ban da nono shi ne ɗigon rigakafi irin na foliyo da maganin da likita ya rubuta, ko ruwan gishiri da sukari na asibiti in an ce a ba shi.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce a wannan rigimar, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla a Najeriya, a 2013 ma 17 ne. Mu nan kowa na shayarwa har yaye, ba mu da matsala da wannan, ruwan nan ne kawai ke ɓata mana lissafi.

Yadda za ki yi da Hajiya kuwa, nan ne nake son ki natsu. Kada ki kuskura ki ce mata nas ta ce, ko an ce a waya, in kika faɗi haka kin gama ɓata magana, za ta ji kamar kin ce ba ta iya reno ba alhali ita ta reni wanda kike aure. Ki fara da mijinki ku biyu a ɗaki, ki karanta mishi saƙon nan in kina so, shi zai san bakin da zai yi ma uwarshi magana. Ranar awo na gaba ki roƙe ta ta raka ki, ki ce kina jin tsoro ne kina son babba a kusa, ta ji da kunnenta daga bakin manya irinta, na ga tsofaffi da yawa sun sauko ta haka har su dawo suna hana maƙwabta. Kuma ki bar mata nata fagen, ita za ta yi mishi wanka ta gasa cibiya da tsumma mai tsabta ba toka ba man goge baki, ita za ta dama miki kunu ta daka yajin jego ta sa a yi ƙauri, in ta ce yaro na jin ƙishi ki ce to Hajiya miƙo min shi, ki sa shi a nono a gabanta, ki roƙe ta ta miƙo miki ruwa ke ki sha. Kunyar ɗan fari a yi ta wurin kiran suna, ban hana ki ba, amma ban da wurin shayarwa. Ki nuna mata famfas ko nafkin ɗinshi, yaron da ke fitsari sau 6 ko fiye a kwana bayan satin farko kuma sikeli na hawa ranar rigakafi ba ya tare da ƙishi, ido ya fi baki saurin gamsar da tsoho.

Wankan jego ki yi, amma ruwan kada ya zama mai salɓe fata, kunun kanwa kuma a sassauta kanwar sosai, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya sunka lura da ciwon zuciya da kumburi ga masu jego masu yawan shan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Kunun gyaɗa, fura da nono, wake, zogale, kifi, su za ki dage ma. In kika ji numfashinki na sama-sama ko ƙafa ta kumbura bayan haihuwa kada a tsaya jiƙe-jiƙe, asibiti. Shi ma jinjiri in ya ƙi kama nono, ko jikinshi ya yi zafi, ko ido ya yi rawaya, ko maɗiga ta faɗa, a tafi a ranar ko da dare ne.

Kin ce kuma za ki koma makaranta bayan arba'in. Ki koyi tatsa tun kina gida, ki wanke hannu da sabulu ki tatsa a kofi mai murfi da anka tafasa, a aje a inuwa wuri mai sanyi, yana kai awa 4, lokacin zafi a ba shi da wuri kada a jira, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali ban da fida. In kan nono ya tsage yana ciwo yawanci kamun ne bai yi daidai ba, ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, zan nuna miki in na zo. In ya cika wata 6 sai a fara kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, kifi a murmushe, ɗan manja, a lokacin ne zai fara shan ruwa tafasasshe, ki bar Hajiya ta zama ta farko da za ta ba shi da hannunta.

Ki turo min ranar awonki na gaba, in Allah ya yarda zan shigo motar safe daga Argungu mu je tare da Hajiya, ni da ita sa'o'in juna ne za mu fi jin maganar juna. Busasshen kifin da kika ce kina marmari na sa an nemo, zan taho da shi. Ki gaida maigidan naki, ki ce mishi ya fara tanadin itacen wanka tun yanzu.