Wa zan saurara in gyara hannuna a jitar bes?

Ƙanena, ka ce kana kaɗa jitar bes a bukukuwan Agege, kana neman wanda za ka koyi kiɗan fank, wato salon kiɗan rawa na baƙar fatar Amurka, daga gare shi. Ni dai Bootsy Collins zan nuna maka.

An haife shi a Cincinnati ta Amurka a 1951. Bai kai shekara ashirin ba shahararren mawaƙin fank James Brown ya ɗauke shi cikin makaɗansa a 1970, kuma a shekarar suka zo nan Legas, har ya je ya ga wasan Fela da idonsa. Abin da Brown ya dasa masa shi ne: a kowane bugu huɗu na kiɗa, danna bugun farko da ƙarfi, sauran ukun ka yi wasanka. Daga baya Bootsy ya koma wajen George Clinton, wani babban mawaƙin fank, a 1976 ya fito da tasa ƙungiyar, da jitarsa mai siffar tauraro.

Wallahi wannan bugun farkon ya fi mini komai. Sa kunne ka ji yadda yake barin gurbi, tsirkiya ta yi shiru, sannan ta dawo daidai kan ganga. Samari da yawa sauri ke cinye su.

Ran Lahadi kuma ka leƙa Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela, a Ikeja, ka tsaya ta gefen mai bes ka kalli yatsunsa.